Bututun Ƙoda: Sunansa, Hanyarsa, da Haɗarinsa a Wurin Fiɗa

Bahaushe ya san ƙoda, ya san mafitsara, ya kuwa ba kowace sunanta tun kaka da kakanni. Abin da ya sadar da su biyun ne bai sami suna nasa na kansa ba wanda kowa ya yarda da shi. Dalili kuwa ba mai wuyar ganewa ba ne. Mahauci idan ya feɗe rago ya zaro ƙoda, wannan ɗan siririn abu ya kan biyo ta a ɓoye cikin kitse, ya sa wuƙa ya yanke ya yar, in an tambaye shi ya ce jijiya ce. Kalmar jijiya kuwa jaka ce mai faɗi: da hanyar jini, da zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, da igiyar da ta ɗaure tsoka ga ƙashi, duk jijiya a ke ce musu.

Likitoci suna da sunaye biyu da suka gada daga Girkanci, masu kama da juna kamar tagwaye. Akwai yureta, watau bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara, akwai kuma yuretira, watau hanyar da fitsari ke bi daga mafitsara zuwa waje. Mai fassara a asibiti ya kan kira kowannensu bututun fitsari, sai majiyyaci ya koma gida bai san wanne aka taɓa masa ba. Don gudun wannan ruɗani, a cikin takardan nan za a kira na farko bututun ƙoda, na biyu kuwa mafitar fitsari. Na farkon ne abin magana, domin a cikin kayan cikin ɗan Adam da wuya a sami wanda ya kai shi yawan ba masu fiɗa mamaki, ko yawan jawo musu da-na-sani.

Bisa ga al'ada kowane mutum yana da bututun ƙoda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Tsawon kowanne a jikin baligi santimita 25 ne zuwa 30, watau ya ɗara taƙi kaɗan, kaurinsa kuwa bai wuce na karan alkama ba. Yana farawa ne daga wani wuri mai kama da mazurari a tsakiyar ƙoda, inda fitsari ke taruwa. Daga nan ya gangaro a manne da bangon baya na ciki, a bayan tantanin da ya lulluɓe hanji, ya ƙetare manyan jijiyoyin jini masu zuwa ƙafa a daidai bakin ƙashin ƙugu, ya nutsa cikin kwarin ƙugu, sa'an nan ya karkato ya shiga mafitsara ta bayanta. Shigarsa ba ta kai tsaye ba ce. Ya kan ratsa bangon mafitsara a karkace, don haka idan mafitsara ta cika ta kumbura, bangonta da kansa ya kan danne bakin bututun, fitsari ba ya komawa sama. A wurare uku ya ke tsukewa, a ƙarƙashin mazurari, da inda ya ƙetare jijiyoyi, da inda ya shiga mafitsara, a nan kuwa tsakuwar ƙoda ta fi maƙalewa, ta sa mutum murƙususu da ciwon da ke tashi daga kwiɓi ya sauka mara.

Abu biyu game da shi sun fi damun mai fiɗa. Na farko, bututun nan tsoka gare shi, yana tura fitsari ne ta hanyar matsewa da sakewa. In likita ya yi shakka ko shi ne ko wata jijiya ce, sai ya ɗan taɓa shi da bakin hantsaki, in shi ne sai a ga ya motsa kamar tana. Na biyu, ba shi da babbar jijiyar jini tasa ta kansa. Ƙananan rassa ne ke ciyar da shi daga maƙwabtansa, su bazu cikin siririyar rigar da ta lulluɓe shi. Wanda ya tuɓe masa rigan nan don neman ganinsa sosai ya yanke masa abinci ke nan, bayan 'yan kwanaki wurin ya mutu ya huje, alhali wuƙa ba ta taɓa shi ba.

A jikin mace hanyar ta fi haɗari. Kafin ya kai mafitsara, bututun ya kan bi ta ƙarƙashin jijiyar da ke kai jini ga mahaifa, tsakaninsa da wuyan mahaifa bai fi santimita 2 ba. Ɗaliban likitanci su kan hardace wannan da misalin ruwa mai gudana a ƙarƙashin gada. To, duk wanda zai cire mahaifa tilas ya ɗaure gadan nan ya yanke ta, ruwan kuwa yana nan ƙarƙashinta. Saboda haka fiye da rabin raunukan da hannun likita ke yi wa bututun ƙoda a wurin fiɗar mata su ke aukuwa, galibinsu kuwa a ƙarshensa na ƙasa. Da yawa daga ciki ba a gane su sai an rufe ciki. In bututu biyun aka ɗaure, fitsari ya kan ɗauke ƙaf, a gane da wuri. In ɗaya ne, wani lokaci sai ciwon kwiɓi da zazzaɓi, wani lokaci kuwa shiru, ƙodar ta kumbura ta mutu a hankali ba wanda ya sani. In kuwa yankewa aka yi ko ƙuna, fitsari ya kan nemi hanya da kansa, ya ɓullo ta wurin ɗinki ko ta gaban mace bayan kwanaki.

Irin wannan rauni ne ya haifi fiɗar ƙoda. A birnin Heidelberg na ƙasar Jamus an kawo wa wani likita, Gustav Simon, wata mace wadda aka lalata wa bututun ƙodar hagu a wurin wata fiɗa da aka yi mata a baya, fitsari yana tsiyaya daga jikinta dare da rana. Ya gwada toshe yoyon sau da dama bai yi nasara ba. Sai ya yi tunanin kawar da mafarin ruwan. A zamanin ba a tabbata ba ko mutum zai rayu in an cire masa ƙoda ɗaya, don haka ya fara gwadawa a kan karnuka, ya ga sun rayu. Ranar 2 ga Agusta, 1869, ya tsaga ta kwiɓi ya cire ƙodar, matar ta warke, yoyo ya tsaya. Wannan ita ce ƙoda ta farko da aka cire da niyya aka kuwa yi nasara. Abin lura shi ne, ƙodar lafiyarta ƙalau. Bututunta ne ya lalace, ba kuwa wanda ya iya gyara shi a lokacin.

Masu karatu a ƙasar Hausa sun san yoyon fitsari. Mafi yawansa daga doguwar naƙuda ya ke zuwa, inda kan jariri ke danne mafitsara a jikin ƙashi har naman ya mutu ya ɓurme, wani kuma daga yankan gishiri. Asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya yi aiki tun daga shekarun 1980, ya shahara wajen ɗinkin irin waɗannan mata. Amma a cikin masu zuwa da yoyo akwai waɗanda mafitsararsu ba ta huje ba. Nasu daga bututun ƙoda ne, wanda aka kama da zare ko aka yanke sa'ad da a ke fiɗa don fitar da jariri, ko don cire mahaifar da ta fashe. An fi samunsa a hagu. Ba kullum ne sakaci ba: mahaifa ta fashe, jini ya cika ciki, likita yana neman tsayar da shi kafin rai ya fita, a irin wannan hali a kan ɗaure abin da ba a gani ba.

Rarrabe yoyo biyun nan wajibi ne, don maganinsu ya bambanta. Wadda mafitsararta ta yi babbar ɓula ba ta jin fitsari ya matse ta, tun da ya ke ba ya taruwa. Wadda aka yanke wa bututu ɗaya kuwa tana yoyo, tana kuma zagawa ta yi fitsari kamar kowa, domin ɗaya ƙodar tana nan tana cika mafitsara. Sai dai ƙaramar ɓula a mafitsara ita ma ta kan ba da irin wannan alama, don haka a ke yin gwaji mai sauƙi. A sa auduga a gaban mace, a ɗura ruwa mai launin shuɗi cikin mafitsara ta robar fitsari, a jira. In auduga ta yi shuɗi, ɓular a mafitsara ta ke. In ta jiƙe da fitsari marar launi, daga sama ya fito, bai bi ta mafitsara ba.

Duk wannan game da bututun da ke kan hanyarsa ta al'ada ne. Akwai kuma mutanen da Allah ya halitta nasu a wata hanya dabam, waɗannan kuwa ba a fahimtarsu sai an koma ga tayi. A mako na 5 na ciki wani ɗan tsiro ya kan fito daga wani bututu a gindin tayi, ya shiga cikin naman da zai zama ƙoda. Tsiron shi ne bututun ƙoda, in bai isa ga naman ba ƙoda ba ta samuwa ko kaɗan. A kwarin ƙugu ƙoda ke fara zama. Tsakanin mako na 6 da na 9 sai ta hau zuwa kwiɓi, tana juyawa har ƙofarta ta fuskanci ƙashin baya, tana kuwa sauya jijiyar jini a hanya kamar matafiyi mai sauya masauki, ta kama ta sama ta saki ta ƙasa. Kusan kowane abin mamaki da mai fiɗa ke tararwa, wani zango ne na wannan tafiya da bai kammalu ba.

Mafi sauƙinsu shi ne jijiyar da aka manta ba a saki ba. Wajen mutum ɗaya cikin 4 yana da ƙoda mai jijiyar jini fiye da ɗaya. Kowace jijiya sashenta ta ke ciyarwa, ba mai taimakon wata, in an ɗaure ta wannan sashe ya mutu. Masu dashen ƙoda sun fi kowa kula da wannan.

Sai tsiro ya rabu biyu, ko biyu su fito tun farko. Wajen mutum ɗaya cikin 125 yana da ƙoda mai bututu biyu. Wani lokaci su kan haɗu a hanya su shiga mafitsara da baki ɗaya, wani lokaci kowanne ya tafi da bakinsa. Yawancin masu wannan halitta su kan rayu su mutu ba su sani ba. Haɗarinta ga mai fiɗa a fili ya ke: ya nemi bututu ya gani, ya kauda shi gefe, hankalinsa ya kwanta, ya sa almakashi ya yanke ɗan'uwansa. Wasu masana biyu na Jamus, Carl Weigert a 1877 da Robert Meyer daga bisani, sun lura da wata ƙa'ida wadda har yau da sunansu a ke kiranta. In bututu biyun suka rabu har ƙarshe, wanda ya fito daga saman ƙoda shi ne ke buɗewa can ƙasa, na ƙasan ƙoda kuwa ya buɗe a sama da shi. Na ƙasan ƙoda ya kan ratsa bangon mafitsara a gajarce, fitsari ya riƙa komawa ta cikinsa. Na saman ƙoda kuwa ya kan toshe, ko ya zarce ya wuce mafitsara ɗungum.

A nan ne maganar ta shafi malaman makaranta kai tsaye. A bakin mafitsara akwai tsoka mai tsukewa kamar zariyar wando, ita ce ke riƙe fitsari. A jikin namiji bututun da ya zarce ya kan buɗe ne a sama da zariyan nan, don haka yaro ba ya yoyo. A jikin mace kuwa yana iya buɗewa a ƙasa da ita, cikin mafitar fitsari ko cikin gabanta. Irin wannan yarinya tana zagawa ta yi fitsari daidai kamar ƙawayenta, amma zanenta a jiƙe ya ke kullum, dare da rana, tun tana jaririya. A gida a kan ce ƙazama ce, a makarantar kwana a haɗa ta da masu fitsarin kwance, a yi mata waƙa, wani lokaci har bulala. Ba ta da iko a kan abin ko kaɗan, don fitsarin bai taɓa shiga inda za ta riƙe shi ba. Mai fitsarin kwance da dare ta ke jiƙa shimfiɗa, da rana a bushe ta ke. Wannan kuwa ɗigo ne marar yankewa. Fiɗa ɗaya ta kan raba ta da shi, ko a mayar da bututun cikin mafitsara, ko a haɗa shi da ɗan'uwansa, ko a cire ɗan saman ƙodar in ya riga ya lalace. Uwar ɗakin kwana da ta san wannan bambanci tana iya ceton yarinya daga wulaƙancin shekaru.

Akwai wani nau'i wanda ba kasafai a ke gani ba, inda bututun dama ke zagayawa ta bayan babbar jijiyar da ke mayar da jinin ƙafafu da na ciki zuwa zuciya, sa'an nan ya ɓullo ta gabanta. Hochstetter ne ya fara bayyana shi a 1893. A haƙiƙa kuskuren na jijiyar ne, ita ce ta samu daga reshen da ke gaban bututu maimakon na bayansa. Ya fi yawa ga maza, sau da yawa kuwa ba ya nuna kansa sai mutum ya kai shekara 30 ko 40, sa'ad da ƙodar da aka daɗe a na matse wa hanya ta fara ciwo. A hoto a kan ga bututun ya lanƙwashe kamar ƙugiya. A 1949 likitoci biyu a Sheffield ta Ingila, Anderson da Hynes, suka yanke bututun irin wannan majiyyaci a wajen mazurari, suka zaro shi daga bayan jijiya, suka sake ɗinke shi ta gaba. Dabarar ta wuce abin da aka ƙirƙire ta dominsa. Ita ce a yau a ke bi wajen gyaran toshewar mazurarin ƙoda, cutar da ta fi waccan yawa nesa ba kusa ba.

Wani lokaci ƙodoji biyun ne ke mannewa da juna ta gindinsu tun suna kwarin ƙugu. In suka tashi hawa sai mahaɗinsu ya sarƙe a ƙarƙashin jijiyar da ke kai jini ga ƙarshen babban hanji, su tsaya a nan. Turawa suna kwatanta siffar da takalmin ƙarfe na kofaton doki. Tun da ya ke ba kasafai a ke yi wa dawakin ƙasar Hausa wannan takalmi ba, munduwa mai buɗaɗɗen baki ta fi kusa da hankalin ɗalibi. Berengario da Carpi na Italiya ya ambace ta tun 1522, a na kuwa samunta ga wajen mutum ɗaya cikin 400 zuwa 500. Bututunta su kan hau ta kan mahaɗin kafin su gangara, fitsari ya riƙa jinkiri, tsakuwa ta samu. A dā a kan raba mahaɗin da wuƙa da zaton shi ne tushen ciwo, an kuwa bar wannan.

Ƙodar da ba ta hau ba sam ta kan zauna a mara, kusa da mahaifa ko mafitsara. Mai fiɗa da ya taras da dunƙulen nama a nan yana iya zaton ƙari ne. An taɓa cire irinta, daga baya aka gane ita kaɗai ce majiyyaci ke da ita. Ana haihuwar wasu da ƙoda ɗaya tak, sau da yawa tare da wata tawaya a mahaifa in mace ce, ko rashin bututun maniyyi na wannan gefe in namiji ne, don tushensu ɗaya a tayi. Daga nan ƙa'ida ta samu, cewa ba a cire ƙoda sai an tabbatar da 'yar'uwarta tana nan tana aiki. Har a cikin gwaiwa a kan taras da gefen mafitsara ya zamo ya sauko, jefi-jefi ma da bututun ƙoda. Mai irin wannan gwaiwa ya kan ce in ya gama fitsari ya matsa kumburin, sai wani fitsarin ya sake zuwa, likita mai lura kuwa ba ya barin wannan magana ta wuce shi.

Tsargiya ita ma tana da hannu, ko da ya ke ba halitta ba ce. Tsutsar da Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851 tana zuba ƙwayayenta a bangon mafitsara da ƙarshen bututun ƙoda. Yaron da ya yi wanka a kududdufi ya yi fitsarin jini aka ƙyale shi, bayan shekaru wurin ya kan yi tabo ya tsuke, naman ya taurare har ɗinki ya yi wuyar kamawa.

Kayan aiki sun rage mamaki ƙwarai. Max Nitze ya fito da madubin leƙa mafitsara a 1879. A 1929 Moses Swick, yana aiki a Barlin, ya samo ruwan da a ke yi wa mutum allurarsa ya bi ta ƙoda ya nuna bututu a hoto. Daga baya aka sami na'urorin hoton ciki na zamani. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda ya ga hoto kafin ya ɗauki wuƙa ya san bututu nawa zai taras. Amma fiɗar gaggawa ba ta jiran hoto, a nan sai tsohuwar ƙa'ida, watau a nemo bututun a sama inda nama bai ruɗe ba, a bi shi da ido zuwa ƙasa kafin a ɗaure kome.

In ɓarna ta auku, yau ba a komawa ga abin da Simon ya yi sai tilas. In zare ne ya kama shi, a kwance. In a sama ya yanke, a tsaga bakuna biyun a karkace don su yi faɗi, a ɗinke ba tare da ja ba. In a ƙasa ne, a yi masa sabuwar ƙofa a mafitsara. In ya gajarta, a jawo mafitsara sama a ɗinke ta ga tsokar bayan ciki, ko a yanko ɓangaren bangonta a naɗe shi ya zama bututu, dabarar da Achille Boari ya gwada a kan karnuka a 1894. In ɓarnar ta yi tsawo, a ari guntun ƙaramin hanji a maye gurbinsa.

Kusan duk waɗannan gyare-gyare a kan bar wata siririyar roba a cikin bututun, mai lanƙwasa a kowane kai, ɗaya a ƙoda ɗaya a mafitsara, irin wadda Finney ya bayyana a 1978. Aikinta ta riƙe hanya a buɗe har ɗinki ya kama, bayan 'yan makonni a zare ta da madubi. Ba a ganinta daga waje. Majiyyaci kuwa an sa masa wata robar fitsari wadda ya ke gani da idonsa, ranar sallama aka cire ta a gabansa. In an ce masa ya dawo a cire roba, sai ya ɗauka an riga an cire, ya koma ƙauye. Ta cikin ta kan yi shekara ko fiye, gishirin fitsari ya daskare a jikinta har kawunanta biyu su zama tsakuwa, ta ƙi zaruwa. Sa'an nan abin da dā aikin 'yan mintoci ne ya kan koma fiɗa biyu ko uku, wani lokaci kuma a taras ƙodar da aka yi wahalar ceto ta riga ta mutu.